Wasa wuƙa

Wasa wuƙa shi ne goga bakin wuƙa a kan abin da ya fi ƙarfenta tauri har kaifinta ya dawo. Dutsen da ake yin haka da shi ana kiransa mawashi. A Kano, mahautan Abbatuwa da ke ƙaramar hukumar Fagge, da masu sayar da nama a kasuwar Sabon Gari, kullum suna wasa wuƙaƙensu. Masu wannan sana'a sun fi samun ciniki gab da Babbar Sallah, saboda Musulunci ya yi umarni da a kaifafa wuƙa kafin yanka.

Taurin ƙarfe

Wuƙaƙen maƙeran gida, waɗanda akan ƙera da tsohon sifirin mota, suna saurin ɗaukar kaifi a kan dutse, amma suna saurin dakushewa. Wasu wuƙaƙen ƙasashen waje kuwa an haɗa ƙarfensu da sinadarin banadiyam, kamar ƙarfen S30V mai kashi 4 cikin 100 na sinadarin. Wannan haɗi yana haifar da ƙananan ƙwayoyi masu tsananin tauri a cikin ƙarfen, shi ya sa kaifin ke daɗewa, washin kuma ke wuya.

Dutsen ruwa

Ƙasar Japan ta yi suna da wannan dutse. Ana jiƙa shi kafin aiki, kuma yawanci da sinadarin alumina ake yin sa, mai taurin 9 a ma'aunin Mohs. Yana ba da kaifi mai santsi, sai dai tsakiyarsa na lotsawa, dole a riƙa daidaita shi. Ƙwayoyin banadiyam sun fi alumina tauri, don haka aiki ba ya sauri.

Farantin lu'ulu'u

Farantin ƙarfe ne da aka manna wa garin lu'ulu'u na masana'anta, mai taurin 10. Yana cin kowane irin ƙarfe kuma ba ya lotsawa, amma danna wuƙa da ƙarfi na ɓamɓare garin.

Zaɓi

Wuƙar mahauci ko ta girki ba ta buƙatar lu'ulu'u, mawashi ya ishe ta. Wuƙa mai yawan banadiyam ce ke buƙatarsa. Akan riƙe bakin a kusurwar digiri 15 zuwa 20. Injin washi da ba a sa masa ruwa yana zafafa bakin wuƙa. Idan ya rine ya koma shuɗi, taurinsa ya lalace.