Yaɓen Rani da Kofin Masu Gida

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa a Matamaye ya san ba ranar da hadari ya haɗo daga gabas ake neman magini ba. Tun bayan kaka, da hatsi ya shiga rumbu, maigida ke hawa soro ya bi shi taku-taku: ina ruwa ya kwanta bara, wane indararo ne ya toshe, wace azara ce gara ta fara ci. Sai a haƙo ƙasa, a kwaɓa ta da ciyawa, a bar ta ta tsumu, sannan a yi yaɓe. Aiki ne marar armashi, babu mai tsayawa kallo. Sai watan Agusta, ruwa ya kwana yana zuba, ake gane gidan da aka yi wa aikin rani da wanda aka shafa wa farar ƙasa a bakin zaure kawai.

Da wannan idon nake kallon ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kano Pillars. Kada a yi mamakin mutumin Nijar da damuwa da ita. Daga nan, in ka bi ta Ɗan Barto da Kwangwalam da Daura, ka isa Kano tun mai zuwa Yamai bai yi rabin hanya ba. Mu ma "Sai Masu Gida" muke cewa.

Gidan kuwa ya taɓa tsayuwa da kyau. Pillars ta ɗauki kofin Najeriya a 2008, 2009 da 2010, ta maimaita a 2013 da 2014, ta sake a 2016 da 2017. A ƙarshen 2016 ta je Alƙahira gasar zakarun kulob-kulob na Afirka ta dawo da lambar tagulla, a bayan Al Ahly ta Masar da Libolo ta Angola. Lokacin koci Sani Ahmed ne, da ƴan wasa irin su Abubakar Usman, mutanen da suka daɗe tare har kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya kafin ƙwallo ya bar hannu. Wannan sabo shi ne azarar ginin, kuma ba a sayen sa a kasuwa.

Ɗigar ta fara ne daga sama. A 2017 hukumar ƙwallon kwando ta Najeriya ta rabe biyu, aka yi zaɓe ɗaya a Kano wanda ya ba Tijjani Umar, wani a Abuja wanda ya ba Musa Kida. Gasar ƙasa ta shiga rikici, wasu shekarun ta koma ƴar gajeriyar gasa ta kwanaki. A 2022 har gwamnatin tarayya ta sanar da janye ƙasar daga wasannin ƙwallon kwando na duniya, ta janye maganar daga baya, amma ƴan matan D'Tigress sun riga sun rasa gurbinsu a gasar kofin duniya. Abin takaicin shi ne, a daidai wannan tsakanin ne hukumomin NBA da FIBA suka buɗe gasar BAL ta kulob-kulob na Afirka, wadda aka fara a Kigali a 2021 da ƙungiyoyi 12. Zakaran Najeriya na shiga kai tsaye, ba tare da wasannin share fage ba. Rivers Hoopers ta Fatakwal da Kwara Falcons ta Ilori suka ci wannan moriyar. Da ƙofar ta buɗe shekara biyar kafin nan, da Kano ce za ta riƙa shiga.

To, ko Pillars za ta iya dawo da kofin? A ganina na gida mai yiwuwa ne, na Afirka da sauran tafiya. Kuma dukansu a lokacin hutun kakar wasa ake yanke hukuncinsu.

Abu na farko da zan duba shi ne ƙarƙashin kwando. Kwandon yana mita 3.05 daga ƙasa, kuma yawancin jifa ba sa shiga. Wanda ya cafe ƙwallon da ya dawo shi ke da damar jifa ta biyu. Dogo ɗaya bai isa ba. Laifi biyar ke fitar da ɗan wasa, kuma ƙungiyoyin Masar da Tunisiya da Angola sun ƙware wajen tura ƙwallo ciki har dogonka ya tara laifi uku kafin hutun rabin lokaci. Daga nan sai ya koma benci, tsakiyar soro ta buɗe. Ana buƙatar biyu masu ƙarfi da na uku matashi mai koyo a bayansu.

Na biyu, mai rarraba ƙwallo wanda daƙiƙa 24 da ake ba ƙungiya ta yi jifa ba ta firgita shi. Gudu da tsalle akwai su a arewa, ba a magana. Abin da ke kayar da ƙungiya a minti biyar na ƙarshe shi ne zubar da ƙwallo da jifan gaggawa. Sai kuma mutum biyu da za su iya jefawa daga bayan layin maki uku, mita 6.75, don abokan hamayya su daina cunkushewa a ƙarƙashin kwando.

Nan ne masu riƙe da ƙungiya kan yi saurin cewa a ɗauko Ba'amurke. Ban ƙi ba. A kakar farko ta BAL an yarje wa kowace ƙungiya baƙi huɗu, biyu kawai daga wajen Afirka. Amma a dubi yadda Hoopers ta yi a 2024 da ta zo ta uku bayan ta doke Cape Town Tigers. Ta ɗauko Will Perry ya riƙe mata ƙwallo, gaskiya ne, sai dai ta ɗora shi ne a kan ƙungiyar da koci Ogoh Odaudu ya yi shekara da shekaru yana ginawa, shi ne ma aka zaɓa gwarzon koci a kakar. Baƙon ɗan wasa yaɓe ne. In azara lafiya take, yana tare ruwa. In gara ta cinye ta, nauyi kawai ka ƙara mata.

Shi ya sa abin da na fi so in ji daga Ƙofar Mata, inda Pillars ke wasa, ba sunan sabon tauraro ba ne. Pillars ta gwamnatin jihar Kano ce, don haka kasafinta na bin lokacin gwamnati, ba lokacin wasa ba. Ina so in ji an ba ginshiƙan ƴan wasa kwantiragin shekara biyu ko uku, albashi na fita a kan kari ko ana gasa ko ba a yi, an shirya wasannin sada zumunci da ƙungiyoyin Gombe da Abuja da Yamai don kada ƙafa ta yi sanyi. Ɗan wasan da bai san makomarsa ba bayan wata uku, ranar da Fatakwal ko Legas ta kira shi zai tafi, kuma babu mai ganin laifinsa.

Sannan masu neman ƴan wasa su ɗan leƙo arewa da iyaka. Abdoulaye Harouna ɗan Nijar ne. Ya buga wa Nigelec ta Yamai wasannin share fagen BAL, daga nan FAP ta Kamaru ta ɗauke shi a 2021, AS Salé ta Maroko a 2022, sai ABC Fighters ta Abijan, sai AS Douanes ta Dakar. Ƙasashe huɗu sun amfana da shi, maƙwabciyarsa ba ta samu ba. Akwai dogayen yara a lakwal-lakwal na Damagaram da Maraɗi masu jin Hausar da ake yi a ɗakin canza kaya na Pillars, waɗanda kuɗin mota kaɗai ya raba su da gwaji a Kano. Sansanin horo na mako biyu a lokacin hutun makaranta ya isa koci ya tantance wanda zai riƙe a cikinsu.