Abin da ya kamata ku sani game da fitattun hotunan gasar World Series

Duk shekara wajen watan Oktoba, zakarun manyan rukunoni biyu na wasan besbol a Amurka sukan kara a gasar World Series. An fara ta a 1903, kuma a tsarin yau ƙungiyar da ta riga cin wasa huɗu cikin bakwai ita ke ɗaukar kofi. Ga wanda bai saba da wasan ba, ga yadda yake a taƙaice: ɗan wasa ɗaya ya jefo ƙwallo, abokin hamayya ya doke ta da sanda, ya zuba da gudu yana taka tashoshi uku, ya dawo ta huɗu da ake kira gida. Duk wanda ya dawo gida lafiya ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya.

Wasa ne mai yawan jira. Ana iya shafe awa guda ba a ga abin kirki ba, sannan abin da za a yi shekara hamsin ana zancensa ya faru kafin ƙiftawar ido. Shi ya sa mai ɗaukar hoto a wannan fage ba saurin hannu kaɗai yake buƙata ba. Sai ya san wasan, ya zaɓi wurin tsayuwarsa tun kafin komai ya faru.

Ku duba hoton Willie Mays na ranar 29 ga Satumba, 1954, a filin Polo Grounds da ke New York. Ƙungiyarsa ta Giants da ta Cleveland suna kunnen doki, biyu da biyu, sai Vic Wertz na Cleveland ya narka wa ƙwallo duka ta nufi ƙurewar fili. Mays ya juya wa kowa baya ya bi ta a guje, ya cafke ta ta saman kafaɗarsa. Frank Hurley na jaridar Daily News yana da kyamarar da ke ɗaukar hotuna a jere cikin sauri, ya kuwa samu tafiyar tun daga gudu har kamu. A hoton da ya fi shahara ba a ganin fuskar Mays ko kaɗan. Bayansa ne da lamba 24, hannuwa a miƙe, katanga a gabansa.

Bayan shekara guda, a wasan farko na gasar 1955, Jackie Robinson na Brooklyn Dodgers ya rugo gida daga tasha ta uku tun mai jifa bai saki ƙwallo ba. Yogi Berra na Yankees ya tare shi, ƙura ta tashi, alƙalin wasa ya ce Robinson ya riga isa. Kyamarori da dama sun ɗauki wannan karo, amma babu wadda ta raba gardamar, domin kowace kusurwa da abin da take nunawa. Berra ya rasu a 2015 yana kan bakarsa cewa ya riga taɓa shi da ƙwallo kafin ya isa gida.

George Silk na mujallar Life shi kuma barin filin ya yi gaba ɗaya. A gasar 1960, wadda Pittsburgh Pirates ta ƙwace daga hannun Yankees da ci goma da tara a wasa na bakwai, ya hau saman wani dogon bene mai hawa 42 na Jami'ar Pittsburgh. Daga can ya ɗauki ɗalibai ta baya suna ɗaga hannu suna sowa, filin Forbes da ake wasan kuwa yana can ƙasa kamar faifai. Ba a iya tantance ɗan wasa ko ɗaya, amma kowa ya gani ya san yadda garin ya ji.

A ganina, wanda ya fi su duka nauyi ba a fili aka ɗauke shi ba, a ɗakin canza kaya ne. Ranar 9 ga Oktoba, 1948, Cleveland ta doke Boston Braves da ci biyu da ɗaya. Steve Gromek, farar fata, shi ya yi wa Cleveland jifa daga farko har ƙarshe. Larry Doby, baƙar fata, shi ya doki ƙwallon da ta haye katanga ta ba su nasara, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya yi haka a tarihin gasar. Mai hoton jaridar Plain Dealer ya kama su sun rungumi juna, kunci a manne da kunci, baki har kunne. Kamfanin dillancin labarai na AP ya watsa hoton ga jaridun ƙasar.

Sai an tuna da zamanin kafin a fahimci girmansa. A lokacin, dokokin wariyar launin fata suna nan daram a kudancin Amurka, makaranta daban, wurin cin abinci daban. Doby ya shiga ƙungiyar ne a Yulin 1947, makonni goma sha ɗaya bayan Robinson ya buɗe wa baƙar fata ƙofa a ɗaya rukunin, kuma ranar da aka gabatar da shi wasu abokan wasansa ƙin ba shi hannu suka yi. Wata goma sha biyar bayan haka, ga shi a shafin jarida, Bature ya ƙanƙame shi don tsabar murna, babu wanda ya tsara musu. Doby ya riƙa ambaton hoton har tsufansa a matsayin abin da ya fi ƙauna daga shekarun wasansa, saboda a nan ne abokin wasa ya nuna masa ƙauna a bainar jama'a.

Gromek bai sha da daɗi ba. Da ya koma garinsu Hamtramck a jihar Michigan bayan Cleveland ta ɗauki kofin a wasa na shida, wasu da suka san shi tun yana yaro sun daina yi masa magana saboda wannan hoto. Bai taɓa nuna nadama ba, kuma shi da Doby sun ci gaba da zumunci har Gromek ya rasu a 2002.