Wasa Da Waƙa: Daga Filin Kalankuwa Zuwa Birnin Niyok

Wannan bayani ne a kan wasan kwaikwayo irin wanda ake haɗawa da waƙa da kiɗa, da yadda yake a ƙasar Hausa, da yadda mutanen Amurka suka riƙe nasu har ya zama sana'a mai gidaje da littattafai.

Dattawan ƙasar Ruma, watau Batsari da Wagini da kewayensu, da na ƙasar Yarima, watau Safana da Runka, babu wanda za a gaya wa kalankuwa a cikinsu. In kaka ta yi, an yanke gero, an ɗaure dammuna an kai rumbu, sai samarin ƙauye su sa rana, su aika wa maƙwabta da goron gayyata. A share fili, a kafa rumfuna, sa'an nan a naɗa sarakunan wasa. Wannan shi ne Sarki, wancan Alƙali, ga Di'o yana gwamutsa Hausa irin ta Nasara, ga Likita, ga 'yan doka da kulake. Wanda ya yi laifi a filin a kai shi gaban alƙalin wasa, a ci shi tara ana dariya. Makaɗan kalangu na gefe guda, 'yan mata na gaɗa, zabiya tana bayarwa ana amsa mata. Talaka da ba ya iya ɗaga ido ya dubi hukuma, ran nan yakan ga hukuma a jikin ɗan maƙwabcinsa, ya yi dariyarsa har ya gode Allah.

Haka nan tashe. In azumi ya kwana goma, yara sukan fita bayan an sha ruwa, su bi gida gida. Wani ya manna gemun auduga ya duƙa bisa sanda ya zama tsoho. Wani ya zama Jatau mai magani, yana lissafa itatuwa da saiwoyi da cutar da kowanne yake kashewa. Wani ya hau dokin kara. 'Yan mata su yi wasan Mairama da Daudu, inda ake koya wa amarya ladabin zaman gidan miji. Har akwai wanda yaro yake naɗa rawani ya riƙe allo, a tuhume shi da taka rawa, shi kuwa ya yi ta musu, daga ƙarshe kiɗa ya ci ƙarfinsa. Malamai da yawa sun ga wannan wasa a ƙofar zaurensu, suka yi murmushi suka ba da sadaka, gama sun san gugar zana ce da ba ta da dafi. A gidajen sarauta kuma akwai wasan gauta, inda matan cikin gida suke kwaikwayon Sarki da fadawansa, a nuna masa halinsa ba tare da an kama sunansa ba.

Abin lura a cikin waɗannan wasanni duka shi ne, waƙar ce take ɗauke da labarin. In aka cire ta, ba abin da ya rage sai yaro da gemun auduga. Amma fa in aka tambayi wanda ya fi kowa tsufa a gari wane ne ya fara tsara waƙar Jatau, ko a wane gari aka fara ta, sai ya ce haka ya taso ya tarar.

Makaɗan da sunansu ya tsira su ne waɗanda suka riski zamanin faifai da rediyo. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa cikin 1923 ya rasu cikin 1999, bai kasance yana rubuta waƙa ba, nan take yake ƙaga ta, 'yan amshi da makaɗan kalangu su bi shi. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa cikin 1988, kuma cikin 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah. Ɗanmaraya Jos, mai kuntigi, yakan yi muryar miji ya juya ya yi ta mata a cikin waƙa guda, watau shi kaɗai ya zama 'yan wasa biyu. Ta wajen rubutu kuwa, Abubakar Tunau ya fitar da Wasan Marafa cikin 1949, Shu'aibu Maƙarfi ya biyo da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, sa'an nan Umaru Ɗanjuma Katsina ya rubuta Kulɓa Na Ɓarna. Sai dai waɗannan wasanni ne na zance. Ashe ke nan waƙa ta bi hanyarta, rubutaccen wasa ya bi tasa.

Inda suka sake gamuwa shi ne fim. Tun kafin samun mulkin kai masu gidajen silima suka fara kawo finafinan Indiya, mutanen Kano da Katsina da Zariya suka saba da ganin saurayi da budurwa sun bar magana sun koma waƙa. Cikin 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset na bidiyo. Wajen shekarar 2000 fim ɗin Sangaya ya fito, waƙarsa ta game gari, har 'yan kasuwa suka gane cewa waƙa ce take sayar da fim. Daga nan fiyano ya maye gurbin kalangu, aka sami mawaƙa irin su Sadi Sidi Sharifai da Nazifi Asnanic da Umar M. Shareef. Malamai da iyaye suka yi ƙorafi a kan rawar maza da mata, kuma cikin 2001 Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai. Wani aibin da masana suka daɗe suna faɗi shi ne, sau da yawa waƙar ba ta da dangantaka da labarin, liƙa ta kawai ake yi kamar ƙyalle a tsohuwar riga.

To, wannan aibi mutanen Amurka ma sun yi fama da shi. A birnin Niyok akwai wani titi da ake kira Birodwe, a kansa da kewayensa akwai manyan gidajen wasa arba'in da ɗaya, kowanne yana cin mutum ɗari biyar ko fiye. A farkon al'amari wasanninsu tarkace ne, a yi waƙa, a yi barkwanci, a yi rawa, ba mai jan wani. Cikin 1927 Jerome Kern da Oscar Hammerstein suka fitar da Show Boat, labarin 'yan wasa masu yawo cikin jirgin ruwa a kogin Misisifi, wanda ya taɓo zancen wariya tsakanin baƙi da farare. Daga nan aka soma gane cewa wasa mai waƙa yana iya ɗaukar magana mai nauyi.

Aikin a wurinsu rabe yake kamar aikin gini. Akwai mai tsara karin sauti, akwai mai sa kalmomi, akwai mai rubuta labari, akwai mai shirya rawa. Kowane sauti yana da alamarsa a takarda, kamar yadda wasali yake da alamarsa a ajami, sabo da haka makaɗin da bai taɓa ganin mai waƙar ba yana iya buɗe takarda ya kaɗa ta daidai. Sunan kowa yana rubuce, kuma duk inda aka yi wasan don kuɗi sai an biya mai shi ko magadansa.

Wasan da ya fi cancanta mutumin Batsari ya ji labarinsa shi ne Oklahoma, wanda Richard Rodgers ya tsara wa sauti, Hammerstein ya sa kalmomi, wata mace Agnes de Mille ta shirya rawarsa. An fara shi ran 31 ga Maris 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka yi ta maimaita shi har sau 2,212 kafin a rufe. Masana suna lissafa shi a kan wasan da ya daidaita waƙa da rawa da labari suka zama abu guda, har ba a iya cire ɗaya sauran su tsaya.

Labarin kuwa na ƙauye ne, a wajen shekarar 1906. Wani makiyayin shanu yana neman wata budurwa 'yar gidan manoma, wani barantan gona mai baƙar zuciya shi ma yana so. A bayan wannan soyayya akwai tsohuwar gaba tsakanin manoma da makiyaya a kan shinge da mashaya. A wani taron gayya aka tada waƙa mai kiran ɓangarorin biyu su zauna lafiya, tun da ƙasa ɗaya ta haɗa su. Ana cikin waƙar sai gori ya tashi, aka kaure da dambe, har sai da wata tsohuwa ta harba bindiga sama, kowa ya shiga taitayinsa, aka koma waƙa. A ƙarshe makiyayin ya auri yarinyar ya kama noma. Wasan bai faɗi gaskiya duka ba, domin ƙasar da ake rigima a kanta ta jajayen mutanen Amurka ce tun asali, kuma bai ambace su ba. Duk da haka ya nuna cewa al'umma tana iya ɗora ciwonta a kan dandali ta dube shi da idonta.

Bayansa wasu suka bi sawu. Cikin 1957 Leonard Bernstein da Stephen Sondheim suka yi West Side Story, a kan ƙungiyoyin samari biyu masu gaba da juna a unguwannin Niyok. Cikin 2009 aka kai tarihin Fela Kuti, makaɗin Nijeriya, dandalin Birodwe, aka kuma kawo wasan Ikko cikin 2011. Hammerstein ya rasu cikin 1960, Rodgers cikin 1979, amma har yau 'yan makaranta a ƙasashe da yawa suna buɗe takardunsu su yi wasan kamar jiya aka rubuta.

A nan ne maganar ta dawo gida. Rigimar manomi da makiyayi da Amurkawa suka mai da waƙa, a ƙasashen da suke bakin dajin Rugu ta rikiɗe ta zama ta'addancin 'yan bindiga. Cikin Fabrairu 2020 an kashe mutum talatin a ƙauyukan Tsauwa da Ɗankar na ƙasar Batsari. Cikin Satumba 2021 gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi goma sha uku na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana. Mutane da yawa sun bar ƙauyukansu sun koma cikin Batsari ko birnin Katsina. Cikin 2025 an yi zaman sulhu a waɗannan wurare, Allah ya sa ya ɗore. Asarar rai da dukiya ita ce babba, ba abin da za a gwada da ita. Amma akwai wata asara da ba mai lissafa ta. Kalankuwa tana son rumbu cike da dare mai kwanciyar rai. Tashe yana son uwa ta saki ɗanta ya fita bayan isha'i ba fargaba. Yaron da ya yi shekara goma bai ga ɗaya daga cikinsu ba, me zai koya wa ƙanensa? Abin da yake cikin takarda yana iya jiran shekara hamsin a cikin gafaka. Abin da yake a baka kuwa, in tsara ɗaya ta tsallake shi, ya tafi ke nan.

Maganin bai fi ƙarfin jama'a ba. Ajami ya riƙe waƙoƙin malaman ƙasar Hausa fiye da shekara ɗari biyu, ba zai kasa riƙe waƙar tashe ba. Duk mai iya riƙe alƙalami, almajiri ne ko ɗan boko, ya zauna da tsohuwar gidansu ya rubuta abin da ta tuna, da yadda ake shigar wasan, da abin da mai bayarwa yake cewa da abin da ake amsawa. Ya sa sunan ƙauyen da shekarar da ya rubuta, da sunan wanda ya ji daga bakinsa in ya yarda, kamar yadda malamai suke kiyaye salsalar karatu. Tun da ajami ba shi da alamar sauti, sai a ɗauki muryar da wayar hannu a ajiye tare da takardar. Masu shirya fim kuma su dubi abin da yake a ƙofar gidansu, gama tashe ya riga su sanin yadda waƙa take jan labari. Wanda yake ƙyamar wani abu a cikin waɗannan wasanni yana da hujjarsa, amma sanin yadda kakanni suka rayu tarihi ne, kuma sai an san abu ake iya tace shi.

Allah ya zaunar da ƙasar Ruma da ƙasar Yarima lafiya, ya mai da kowa gidansa, amin.