Kumfar da ido ba ya gani: me ya hana ta ɓacewa?

Duk wanda ya ɗebo ruwa da sanyin safiya a Boyekai ko a bakin madatsar ruwan Goronyo, ya bar shi a bokitin roba har rana ta buge shi, zai ga 'yan ƙwayoyin iska sun manne a jikin bokitin. In ruwa ya ɗumama, iskar da ta narke a cikinsa takan rasa wurin zama ta fito. Waɗannan ido na ganinsu. Suna da ƙanne da ake kira nanobabul, masu tudun nanomita 10 zuwa 100, alhali kaurin silin gashi ɗaya ya kai kusan nanomita 80,000.

A 1994 Parker, Claesson da Attard suka fara hasashen akwai su. Sai a 2000 masu bincike a Japan da Sin suka ɗauki hotonsu da AFM, na'urar da ke laluben fuskar abu da ɗan tsinke. Siffarsu kamar an kife faifai, faɗi ya fi tudu nesa ba kusa ba.

A lissafi bai kamata su rayu ba. Ƙwayar iska mai faɗin nanomita 200 tana ɗauke da ƙarin matsi kusan ninki 14 na iskar da muke shaƙa, don haka ya kamata ta narke kafin ƙiftawar ido. Amma an ga suna yin kwanaki. A 2015 Detlef Lohse na Jami'ar Twente da ke Holan tare da Xuehua Zhang suka ba da bayanin da ya fi karɓuwa: bakin kumfar a maƙale yake a jikin abin. In iska ta fara zurarewa, kumfar ba ta tsukewa, sai dai ta ƙara kwantawa, matsin cikinta ya ragu. Muddin ruwan na da rarar iska, tana nan daram.

Zamansu kuma ba kara-zube ba ne. An raba hotunan AFM da tsarin Voronoi, wanda masu rubuta manhajar taswira da wasanni suka sani: kowace kumfa a yanka mata filin da ya fi kusa da ita. Aka ga mai babban fili ita ce ta fi girma, domin daga kewayenta take zuƙo iska. Manomin albasa a fadamar Rima ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. In dashe ya yi cunkoso, 'ya'yan ƙanana suke fitowa.

Inda abin ke taɓa aljihu shi ne injin da ke raba ruwa da lantarki don samar da haidurojin. Kumfa in ta lulluɓe fuskar ƙarfen da ke aikin, wurin ya daina taɓa ruwa, a ƙona wutar sola mai yawa a samu iskar kaɗan. Shi ya sa injiniyoyi ke gwada yi wa ƙarfen 'yan ramuka da zane, don su zaɓa wa kumfar inda za ta tsiro da girman da za ta kai kafin ta saki.