Ƙarancin Jini: Darasin Da Ake Koya Wa Marasa Lafiya A Jos

Duk wanda ya san garin Jos ya san shi da sanyi da kuza da kayan lambu. Daga kasuwar Farin Gada ake lodin kabeji da karas da tumatir zuwa Mile 12 a Ikko da sauran kasuwannin Kurmi. Amma a garin nan mai albarkar ganye, ranar awon ciki ba ta wucewa a asibiti ba a sami matan da likita zai ce jininsu ya yi ƙasa ba. Shi ya sa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, da Asibitin Jankwano wanda 'yan mishan suka kafa a 1959, da ƙananan asibitocin unguwa, ma'aikatan jinya kan tara mata su yi musu bayani kafin a fara awo.

Ba Jos kaɗai ce abin ya shafa ba. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna mata 58 cikin ɗari, 'yan shekara 15 zuwa 49, suna da ƙarancin jini. A cikin yara 'yan wata 6 zuwa 59 kuwa, 68 ne cikin ɗari.

Abin da ake fara koyarwa shi ne menene ciwon. A cikin jini akwai wani sinadari ja da ake kira himogulobin, shi ke ɗaukar iskar da aka shaƙa ya kai ta ko'ina a jiki. Jiki ba ya iya yinsa sai da sinadarin ƙarfe, watau ayon. Duk abin da ke jikin babban mutum na wannan sinadari bai wuce giram 3 zuwa 4 ba. Idan ya yi ƙaranci sai jini ya tsinke, mutum ya riƙa jin kasala da jiri da bugun zuciya, in ya hau tudu ya yi ta haki. Tafin hannu da cikin fatar ido su yi fari. Waɗansu har sukan ji marmarin cin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara.

Ido ba mudu ba ne, saboda haka sai an auna jini. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, namiji yana da ƙarancin jini in himogulobin ɗinsa ya gaza 13, mace in ya gaza 12, mai sabon ciki ko tsohon ciki kuwa in ya gaza 11. A Jos akwai ƙarin lura. Garin yana bisa tudu mai tsawon wajen mita 1,200, iskar da ake shaƙa ba ta kai ta bakin teku ƙarfi ba, don haka jikin mazauninsa yakan ƙara yawan jini da kansa. Watau lambar da za a ce madalla da ita a Ikko, a Jos tana iya zama ta gaza.

Hanya uku ce ƙarfen ke ƙarewa. Ta farko, rashin samunsa a abinci. Ta biyu, ƙaruwar bukata: ciki guda yana cin wajen miligiram 1,000, to ina ga matar da ke haihuwa a kai a kai ba hutu? Ta uku, zubar jini, ko ta al'ada mai yawa, ko basir, ko gyambon ciki, ko tsargiya da yara ke ɗauka wajen wanka a kududdufi, ko tsutsar ciki da ke shiga ta fatar ƙafar mai yawo ba takalmi. Zazzaɓin cizon sauro kuma yana farfasa jini ya ƙara dagula lamarin, shi ya sa ake ba masu ciki maganin rigakafinsa da gidan sauro.

Wajen abinci, hanta da nama da kifi su ne kan gaba, domin jiki ya fi saurin ɗaukar ƙarfensu. Sa'an nan wake da zogale da alayyafo da kuka da gero. Ƙarfen ganye da hatsi yana da wuyar shiga jiki sai an haɗa shi da lemo ko gwaiba ko ɗanyen tumatir. Shayi kuwa hana shi shiga yake yi. A gari mai sanyi kamar Jos wannan magana tana da nauyi, ba a ce a daina shan shayi ba, amma a bar kamar awa ɗaya ko biyu tsakaninsa da abinci ko magani. Haka nan al'adar nan ta haɗa lemon malt da madarar gwangwani wai don ƙarin jini ba ta da amfani, domin madara ba ta da ƙarfen kirki.

Ga mai ciki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016 cewa ta sha ƙwayar ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 tare da folik asid kowace rana. A nan ne ake samun cikas. Ƙwayar takan mai da bayan gida baƙi, wani lokaci ta kawo tashin zuciya ko taurin ciki, sai mace ta tsorata ta jefa ta ƙarƙashin katifa. Baƙin nan ba illa ba ne. In tashin zuciya ya yi yawa, a koma wa likita ya sauya yadda ake sha. Wanda ake yi wa magani kuma, ko ya ji ƙarfi, yakan ci gaba da sha wajen wata uku bayan jini ya daidaita, don rumbun jiki ya cika. Lalle ne a ɓoye ƙwayar inda hannun yaro ba zai kai ba, gama in ya haɗiye da yawa tana iya kashe shi.

Akwai gargaɗi biyu. Ba kowane ƙarancin jini ne na rashin ƙarfe ba. Mai ciwon sikila kada a ɗura masa maganin ƙarin jini daga kemis sai likita ya ce. Na biyu ya shafi maza, musamman 'yan dako da direbobi da ke shan ƙwayar ciwon jiki kullum, irin su asfirin da ibufurofen. Waɗannan suna iya ƙuje ciki ya riƙa yoyon jini a ɓoye. Namiji ko dattijuwa da aka samu da ƙarancin ƙarfe, tilas a bincika inda jinin ke zuba, domin wani lokaci alamar ciwon dajin hanji ce.

Magidancin da ke neman abinci a Agege ko Sabon Badun, iyalinsa na Gangare ko Bukuru da ciki, yana da nasa aikin. Matar da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, zubar da wata za ta jure ita tana iya kai ta lahira, kuma a ranar da asibiti zai nemi ɗan'uwa ya ba da jini, shi yana tafiyar yini guda ko fiye. To, in ya aika da kuɗin cefane, sai ya ware na awo da na hanta, ya tambayi lambar da aka samu a gwajin jini, ya kuma shirya tun da wuri da wanda zai tsaya a madadinsa. Allah ya sauki masu ciki lafiya, amin.