Faffaɗar Taya A Ƙaramar Mota: Kallon Kitse Ake Wa Rogo

Duk wanda ya saba bi ta Gurda ko Mahdiyya da la'asar sakaliya ya ga yayin da samarinmu suka shiga. Za ka ga Hyundai Verna, mota 'yar madaidaiciya, amma tayoyinta sun kumbura sun leƙo waje kamar ƙafar agwagwa. In ka tambayi mai motar dalili, amsar ɗaya ce: "Malam, ai nan ƙasar rairayi ce, faffaɗar taya ba ta kafewa." Maganar tana da daɗin ji, shi ya sa har magidanta sun fara zuba kuɗinsu a ciki. To, mun zauna da masu faci, waɗanda mutanen gari ke kira gomisti, mun kuma saurari tsofaffin direbobin hanyar Gatrun da Agadas, abin da muka samo kuwa ya sha bamban da zancen majalisa.

Da farko sai mai karatu ya duƙa ya karanta rubutun da ke gefen tayarsa. A jikin tsohuwar Verna yawanci zai ga 175/70 R13. Lambar farko faɗin taya ne, wato milimita 175. Ta biyu tana nufin tsayin gefen taya kashi 70 ne cikin ɗari na wannan faɗin, kimanin milimita 122. Ta ƙarshe kuma girman wilin ƙarfe ne, inci 13. Akwai lamba ta huɗu da ba a kula da ita, domin a jikin wili take, ba a jikin roba ba: faɗin wilin kansa, wanda a irin waɗannan motoci inci 5 ne galibi.

A nan gizo ke saƙa. Wili mai inci 5 yana ɗaukar taya 175, yana kuma iya ɗaukar 185. Amma 205/60 da samari ke so, masu ƙera taya sun ce sai wili mai aƙalla inci 5 da rabi. Idan aka tilasta ta a kan siririn wili, sai bakinta ya matse, bayanta ya yi tozo. Ke nan tsakiyar kaɗai ke taka kwalta, ita ce za ta riga cinyewa, motar kuma ta riƙa rangaji a kwana. An sayi faɗi da kuɗi, amma faɗin bai taɓa ƙasa ba.

Mun ga haka da idonmu a wata tafiyar biki zuwa Ubari, mai nisan kilomita kusan 200. Motar wani ɗan'uwanmu ce, mutum biyar a ciki, but cike da kaya. Da nauyi ya danne ta, sai tayar baya ta riƙa gogar ƙarfen da ke samanta duk lokacin da aka faɗa rami. Kafin mu kai Jarma gefen tayar ya tsage. Allah ya rufa asiri ba gudu ake yi ba. Da aka ciro safaya kuma sai ga ta siririya, 'yar asalin motar, haka aka ƙarasa da ƙafa ɗaya daban.

Mu koma kan batun rairayi, tunda shi ne hujjar. Abin da ke hana mota nutsewa shi ne yawan robar da ta kwanta a ƙasa, wannan kuwa nauyin mota da ƙarfin iskar cikin taya ne ke yanke shi. In iska ɗaya ce, faffaɗar taya da siririya kusan wuri ɗaya suke takawa, sai dai ɗaya sawunta gajere mai faɗi, ɗaya dogo siriri. Idan aka rage iska ne sawun ke miƙewa ya yi tsawo, kamar tafin raƙumi da ke bajewa in ya taka. Shi ya sa direbobin Sahara suka daɗe suna amfani da 7.50 R16 a Land Cruiser, taya doguwa marar faɗi can, in sun zo bakin yashi su sauka su sace iska. Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani Baturen Ingila, Ralph Bagnold, da ita ya ratsa tekun rairayi na iyakar Masar da Libiya a motocin Ford wajen 1930, kuma rundunar da ya kafa a 1940 ita ce ta keto hamada ta auka wa Italiyawa a Murzuk cikin Janairun 1941.

Abin takaici, yawancin faffaɗan tayoyin ado gefensu gajere ne, ba su da inda za su lotsa. Ka rage musu iska, ramin farko ya lanƙwasa maka wili. Gaskiya kuma ita ce, ko wace irin taya aka sa wa Verna, ba za ta kai ka tafkin Gabar'aun ba, wannan aikin mota mai ja da ƙafa huɗu ne. Abin da ƙaramar mota ke gamuwa da shi bai wuce yashin da iskar Gibli ta watso kan titi ba, ko lungun unguwa marar kwalta. A nan, rage iska daga 30 zuwa wajen 20 ya isa ya fid da kai, muddin kana tafe da famfo. Wajibi ne a mayar da iskar kafin a hau kwalta, domin taya mai ƙarancin iska a zafin da ya haura digiri 40 zafi take tarawa har ta fashe.

Wanda ya nace sai ya ƙara faɗi, to ya tsaya a mataki ɗaya. 185/70 R13 tana zama lafiya a wilin asali, sai dai ta fi ta asali tsayi da milimita 14, saboda haka motar tana gudu fiye da abin da agogo ya saba nunawa da kashi biyu da ɗoriya cikin ɗari. Sitiyari zai ɗan yi nauyi, mai kuma zai ɗan ƙara tafiya. Ana cewa fetur araha ne a Libiya, amma mu mutanen kudu mun san layin gidan mai da farashin bayan fage.

Sa'an nan a duba shekarun tayar, musamman ta hannu da ake jibgewa a bakin shaguna tana ƙyalli da wanki. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe. In an rubuta 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Tun daga 2000 ake rubuta huɗu, wadda ke da uku ta girmi wasu direbobinmu. Masu ƙera taya da kansu sun ce kada ta wuce shekara 10 ko da zanenta bai goge ba, a ranar Fezzan kuwa gefenta yakan fara tsattsagewa tun kafin nan.