Tsohuwar mota mai shan baƙin mai: ina man yake tafiya?

Da yawa daga cikin motocin da ke zirga-zirga a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa sun riga sun ci ƙuruciyarsu a Turai kafin a sauke su a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko ta Lome. Akan same su da kilomita 200.000 ko fiye a kan agogo, in ma ba a mayar da agogon baya ba. Daga nan sai su shiga zafin watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, da ƙurar hunturu, da lodin da ya wuce ƙima. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati yana yawo da galan ɗin baƙin mai a bayan mota, yana ɗura wa inji kamar mai shayar da maras lafiya. Abin da ke cin aljihu shi ne hukuncin gaggawa na wasu garaji, inda da jin an ce mota na shan mai sai a ce a sauke inji. Sau da yawa ciwon bai kai nan ba.

Kafin kome, sai an san yawan man da ke ɓacewa. A tsayar da mota a wuri mai daidai, a kashe inji, a jira kamar minti goma man ya koma ƙasa, sannan a zaro sandar awo a goge, a mayar, a sake zarowa. A rubuta lambar kilomita a takarda, a maimaita awon bayan kilomita 1.000. A mafi yawan ƙananan motoci, tsakanin zanen sama da na ƙasa na sandar kusan lita ɗaya ce. Kowane inji yana ƙona ɗan mai kaɗan, kuma akwai masu ƙera motoci da ke ɗaukar rabin lita, wasu har lita guda a kilomita 1.000, a matsayin abin da ba su kira lalacewa ba. Amma motar da ke tashi daga Yamai da mai cike, ta isa Maraɗi, tafiyar kilomita 660 ko kusa da haka, sanda ta nuna zanen ƙasa, lalle tana bukatar bincike.

Hanya uku ce kawai mai ke bi ya ɓace: ko ya zuba waje, ko ya ƙone tare da isansi, ko ya gauraya da ruwan sanyaya inji.

Yoyo shi ne mafi sauƙin ganewa, kuma galibi mafi arhar gyara. A wanke inji, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinsa da dare, da safe a duba inda ɗigo ya sauka. Sai dai mai gangarowa yake yi, iska kuma tana kora shi baya lokacin tafiya, don haka makanikin kirki yakan bi sawun jiƙar har zuwa wuri mafi tsawo. Wuraren da aka saba samu su ne robar murfin saman inji, wadda zafi ke busarwa har ta tsage, da bakin filtar mai, da kusar da ake kwancewa wajen bidanji, wadda yaran garaji kan ɗaure da ƙarfin tsiya har haƙoranta su cinye. Wanda ya fi wahala shi ne yoyon da ke fitowa tsakanin inji da akwatin giya: robar ba ta da tsada, amma sai an sauke giya kafin a kai gare ta. Akwai kuma yoyon da ba ya taɓa ƙasa, domin man na ɗiga kan bututun salansa mai zafi ya ƙone nan take. Ƙaurinsa ne ke tona shi.

In ƙasa a bushe take, mai kuma yana raguwa, to sai a koma ga hayaƙi. Baƙin hayaƙi na isansi ne ko gazuwal da ya yi yawa, ba ruwansa da baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi alamar ruwa ce. Shuɗi-shuɗi shi ne na mai, kuma lokacin da yake fitowa ya fi launinsa muhimmanci. Idan da asuba ne, a tashin farko, ya yi ɗan lokaci ya ɗauke, ko bayan mota ta daɗe tsaye inji na aiki sannan aka taka totur, zargi na kan ƙananan robobin da ke wuyan bawul, waɗanda suka bushe suna barin mai ya sulale ciki. Wannan gyaran saman inji ne kawai. Idan kuwa hayaƙin na ƙaruwa duk lokacin da aka taka ko aka hau tudu da lodi, to zoben fistan ne, waɗanda makanikai ke kira sagiman, suka cinye. Buji ma shaida ne: wanda ya fito da jiƙar mai ko dasƙararren toka yana nuna silindar da ke da ciwon.

A nan ne ya kamata mai mota ya nemi a yi awon matsi kafin a kwance kusa ko ɗaya. Ana cire buji, a ɗaura ma'auni a kowace silinda, a kwatanta. Wadda ta gaza sauran da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari abar zargi ce. Sai a zuba mata cokali ɗaya na mai a sake awo: in matsi ya tashi, zobe ne, in bai motsa ba, bawul ne ko juwan kilas. Awon yana da iyaka, domin zoben da ke share mai yana iya maƙalewa da dauɗa alhali matsi na nan lafiya. Injin Toyota 1ZZ-FE na ƙarshen shekarun 1990 da farkon shekarun 2000, wanda ke cikin wasu Corolla da Avensis, ya yi suna da wannan ciwo, saboda ƴan ramukan da mai ke komawa ta cikinsu a jikin fistan suna toshewa.

Akwai wani ɗan bawul da ake yawan mantawa da shi, wanda ke fitar da tururin cikin inji zuwa hanyar iska. In ya toshe, matsi yakan taru ya tura mai ta kowace roba. In ya maƙale a buɗe, inji ya riƙa zuƙar mai yana ƙonawa. Girmansa bai wuce babban yatsa ba, amma an sha sauke inji saboda shi. Motar da ke da turbo kuma, a cire tiyon iskarta a duba ko mai ya taru ciki.

Hanya ta uku ba ta son jinkiri. In aka ga mai yana yawo a saman ruwan radiyata, ko man sanda ya koma launin shayi da madara, to ruwa da mai sun haɗu, galibi ta juwan kilas da ya ƙone bayan inji ya taɓa yin zafi fiye da kima. Irin wannan mota ba ta shiga doguwar hanya.

Game da magani, masu tsofaffin motoci sun saba komawa ga mai mai kauri, 20W50, kuma yakan rage hayaƙi a irin su Peugeot 504. Ga injunan baya-bayan nan da aka ƙera don 5W30, kaurin na jinkirta isar mai saman inji a tashin farko. Man da ake aunawa a kwalba bakin hanya, wanda ba a san asalinsa ba, da filtar iska da aka huda ko aka cire don ta toshe, su ne ke ƙarasa zobe da wuri, domin ƙura in ta shiga silinda aikin dutsen wasa take yi.

Jar fitilar mai da ke gaban direba kuwa, a yawancin tsofaffin motoci ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin bugunsa take aunawa. Lokacin da ta kama a kan hanya, man ya riga ya kasa kai wa ga ƙarafan da ke juyawa, kuma tafiyar ƴan mintoci na iya sa inji ya cije. Direba ya sauka gefen hanya ya kashe mota nan take, ko da garin da za a kwana ana hango fitilunsa.